Filin Mata: Wahalar Mai Ɗaukar Hoton Makaɗa Da Ladansa

A wannan mako zancenmu a kan masu barin ƙasarsu ne su tafi wata domin ɗaukar hoton makaɗa. Mu dai namu kallo ne, mu ga makaɗi yana ta kiɗa a majigi ko a waya mu ji daɗi, ba mu ko tuna da wanda ya tsaya cikin rana ya ɗauko shi ba.

Akwai wani Bature mutumin Faransa, sunansa Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 yana injiniyan hanya. A 1946 ya komo da abokansa biyu, suka bi kogin Kwara cikin kwalekwale tun daga mafarinsa har teku, wata da watanni. A hanya ƙafafun da akan ɗora kyamara suka salwanta a ruwa, tilas ya koma riƙe ta a hannu. Kyamarar kuwa sai an yi mata wani kamar agogo, kuma ba ta cika rabin minti sai ta tsaya. Ba ta ɗaukar murya. In an gama sai an aika da fim ɗin Faransa a wanke, watau mutum ba ya sanin ko aikinsa ya yi kyau sai bayan an daɗe. Ga zafi, ga sauro, ga baƙon abinci da baƙon harshe.

Amma babbar wahalar ita ce jira, don makaɗi ba ya kiɗa da agogon baƙo. A 1971 Rouch ya je Simiri, ƙasar Zabarmawa, arewa da Yamai, inda mutanen garin suke wasan borinsu saboda tsoron fara. Kwana uku ana kaɗa turu ana jan goge, bori bai hau kowa ba. Ran na huɗu da yamma ya ce bari dai ya ɗauki tsofaffin gangunan nan tun ba su ɓace ba. Ya saɓa kyamara, a lokacin an sami mai haɗa hoto da murya, ya shiga fili. Yana cikin ɗauka sai abin da aka kwana uku ana jira ya auku. Fim ɗin, Tourou et Bitti, bai wuce kamar minti 10 ba, amma har yau ana nuna wa masu koyon aikin silima shi. Mahakurci mawadaci.

Wani ladan kuma, yakan komo da fim ya nuna wa masu shi. Da ya nuna wa Sarkawan Ayoru hoton farautar dorina da ya ɗauka, sai suka ce ya cire kiɗan da ya sa a ciki, don kiɗa yana ƙara wa dorina zuciya, farauta kuwa shiru take so. Ya ji maganarsu. Bature ne, amma masunta suka koya masa aikinsa. A Nijar ɗin ya rasu, cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, a 2004.

To, ina ruwan matan Doguwa da wannan labari? Ruwanmu babba ne. Baƙo namiji, ko daga ina ya zo, ko nawa ya kashe, iyakarsa zaure. Kiɗan ƙwarya da shantu, da waƙar niƙa da ta daɓe da ta reno, duk a cikin gida suke, inda sai mace ke shiga. Ga shi injin niƙa ya kori dutse, siminti ya kori daɓe, waƙoƙinsu kuwa suna bin su. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa ta rasu a 2013, amma da yake an ɗauki muryarta da hotonta, jikokinmu za su san amada. Tsofaffinmu na Riruwai da Tudun Wada da Ƙiru da Bebeji fa, wa zai ɗauke su? Abin da wani ya ƙetare teku yana nema, mu yana tsakar gidanmu, kyamarar kuma tana cikin wayar da ke hannunmu.

Saboda haka ga shawara. Ki nemi izinin mai waƙa da na maigida tukuna. Ki zauna ki yi haƙuri, kada ki ce a sake don kin makara. Ki jingina hannunki da wani abu don kada hoto ya yi rawa, rana kuma ta kasance a bayanki. Ki rubuta sunan mai waƙa da garinsu da ranar. In kin gama ki nuna mata, in ta ce a goge, ki goge. Kada ki watsa hoton matan aure a intanet ba da yardarsu ba, wannan cin amana ne. Tukuici kuma kada a manta.

Za ki gaji, amma ranar da tsohuwar ta kau, gidan duka wurinki za su zo jin muryarta. Allah ya ba mu dacewa, amin. Sai mako mai zuwa.