An fara shan maganin HIV sai jiki ya rikice: me gwajin jini zai iya nunawa?

Tun da Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje a watan Janairun 2025, fargabar jama'a ita ce kada maganin HIV ya yanke a asibitoci. Ni abin da ya fi damuna shi ne halin da mutum kan shiga idan ya yi watanni bai sha ba sannan ya koma, ko kuma bai fara ba sai da ciwo ya ci jikinsa.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 3.1 cikin ɗari na manya a Kudu maso Kudu na ɗauke da cutar, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6 ne. Mu da ke zaune a Fatakwal, Agege ko Sabon Ibadan, da yawanmu ƙafa ɗaya na nan ɗaya na gida. Direban tirela ko ɗan cin rani ya tafi noma, magani ya ƙare, katinsa kuma yana asibitin Kudu.

Idan irin wannan mutum ya koma kan magani, garkuwar jikinsa kan farfaɗo da ƙarfi, ta afka wa ƙwayoyin cutar da suka samu wurin zama lokacin da take kwance, musamman na tarin fuka da wani nau'in sanƙarau. Sai zazzaɓi ya taso, kaluluwa ta kumbura, tari ko ciwon kai ya tsananta, galibi cikin makonnin farko zuwa wata uku. Likitoci na kiran wannan IRIS. A unguwa kuwa sai ka ji an ce maganin bai karɓe shi ba, ko jifa aka yi masa. Daga nan sai a ajiye magani a nufi mai gargajiya.

Likita ma yana shan wahala a nan, domin alamun iri ɗaya ne da na sabuwar cuta, ko illar magani, ko tarin fukan da ba ya jin magani. Shi ya sa masu bincike ke neman wata alama a jini da za ta raba gardama. Sun ga sinadaran da ke nuna kumburi, irin su CRP da IL-6, kan hau a jinin masu wannan matsala. Sai dai suna hawa a wasu cututtukan ma, don haka har yau babu gwaji ɗaya da zai ce wannan IRIS ce. Sai likita ya bi sauran dalilan ɗaya bayan ɗaya ya kawar da su.

A ganina, kafin a samu wancan gwajin, a riƙe waɗanda ke hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar wanda ƙwayoyin CD4 ɗinsa suka gaza 200 a matsayin wanda cutar ta yi nisa a jikinsa. Irinsa ake yi wa gwajin fitsari na tarin fuka da gwajin jini na ƙwayar sanƙarau, kuma sakamakon ne ke nuna ranar fara magani. Mai tarin fuka ana fara masa cikin mako biyu da soma maganin tarin. Mai wancan sanƙarau kuwa ana jinkirta masa mako huɗu zuwa shida, saboda binciken da aka yi a Uganda da Afirka ta Kudu ya nuna gaggawar na ƙara mace-mace. Wani binciken na Afirka ta Kudu da aka wallafa a 2018 ya nuna maganin prednisone ya rage aukuwar matsalar da kusan kashi 30 cikin ɗari ga masu tarin fuka. Amma fa likita ne ke rubuta shi, kada wani ya je kemis ya saya da kansa.

Tsorona shi ne idan kuɗi suka yi ƙaranci, gwaje-gwajen nan za a fara yankewa, a bar raba ƙwaya kawai. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su riƙa tambayar asibitocin yankinsu ko ana gwajin CD4.

Kai kuma ɗan'uwa, in tafiya ta kama ka, nemi maganin watanni da takardar canjin asibiti. In ka taɓa dainawa, faɗa wa likita gaskiya. In jiki ya rikice bayan farawa, kada ka ajiye maganin da kanka, koma asibiti ranar.