Habibie da Jirgin da Bai Ɗauki Fasinja Ba

Ranar 10 ga Agusta 1995, saura mako guda Indonesiya ta cika shekara 50 da samun mulkin kai, wani jirgin sama mai farfela biyu da kujeru 50 ya tashi daga filin jirgin birnin Bandung a gaban Shugaba Suharto da manyan ƙasa, ya yi shawagi kusan awa guda, ya sauka lafiya. Sunansa N-250, kuma injiniyoyin ƙasar ne suka zana shi, suka haɗa shi, har suka sa masa tsarin sarrafa fikafikai da kwamfuta, abin da a lokacin ba a saba gani a jiragen da suke ajinsa ba. Har yau ana tunawa da wannan rana a can da sunan ranar farkawar fasaha. Amma jirgin bai taɓa samun takardar izinin ɗaukar fasinja ba, kuma a 2020 aka ja shi a kan tirela zuwa gidan adana kayan tarihi a Yogyakarta. Mutumin da ya ɗora rayuwarsa a kan wannan jirgi shi ne Baharuddin Yusuf Habibie, kuma shi nake so mu duba, domin ban san wani shugaba na ƙasashen Musulmi da ilmin ƙira da sha'anin dukiya da maganar tsaro suka haɗu a hannunsa kamar yadda suka haɗu a hannun wannan bawan Allah ba.

An haife shi a Parepare, cikin tsibirin Sulawesi, a 1936, ya yi maraici yana ɗan shekara 14, ya tafi Jamus a 1955 ya karanta ƙirar jiragen sama a Aachen har ya sami digirin dakta a 1965. Ya shahara a kan ilmin tsagewar ƙarfe, watau lissafin yadda ɗan tsaga ke fara bayyana a jikin jirgi da yadda yake ci gaba har ya kai ga halaka, kuma wannan ilmi ne ya ɗaukaka shi a kamfanin Messerschmitt-Bölkow-Blohm har ya zama mataimakin shugaba. A 1974 Suharto, wanda ya san gidansu tun yana hafsan soja a Makassar, ya aika a kira shi gida. Ya amsa kira, aka kafa masa masana'antar jirage a Bandung a 1976, aka naɗa shi ministan bincike da fasaha a 1978, ya kuwa zauna a kan wannan kujera shekara 20 cur.

Hujjarsa, in aka yi mata adalci, hujja ce mai ƙarfi ƙwarai. Ƙasar da ta bazu a kan tsibirai fiye da 17,000 ba ta da abin da zai ɗaure ta wuri guda sai jirgin sama da jirgin ruwa, kuma duk ƙasar da ta dogara ga baƙi wajen abin da ke ɗaure ta, to ta miƙa musu wani yanki na ikonta ko da ba ta sani ba. Yana kuma ganin cewa mai sayar da ɗanyen mai da katako da roba, ko mai ɗinka wa Turawa takalma da arha, zai dawwama yana yi wa wani barantaka, alhali kilo guda na jirgin sama ya fi kilo guda na shinkafa daraja ninkin ba ninkin, kuma bambancin duka ilmi ne da ke cikin kawunan mutane. Saboda haka dabararsa ita ce a fara daga ƙarshe: a sayi lasisin haɗa jirgin wani, a koyi aikin da hannu, sa'an nan a yi tarayya wajen zana sabo, sa'an nan a zana na kai. Haka aka yi kuwa. Suka fara da haɗa ƙaramin jirgin kamfanin CASA na Sifaniya, suka yi tarayya da shi a kan CN-235 wanda ya tashi a 1983, sa'an nan suka kai ga N-250. Tarihi ma ya gaskata tsoronsa ta fuskar tsaro, domin da Amurka ta sa wa Indonesiya takunkumin makamai daga 1999 zuwa 2005 saboda rikicin Timor ta Gabas, jiragen yaƙinta da yawa sun zauna a ƙasa don rashin kayan gyara. Mu ma a nan Najeriya ba baƙi ba ne ga wannan ɗaci, don mun ga yadda aka hana mu jirage masu saukar ungulu a 2014 ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, muka yi ta jira har 2021 kafin jiragen Super Tucano 12 su iso.

To, ina aibin yake? A ganina aibin yana cikin yadda aka tara masa iko. Bayan ma'aikatarsa da hukumar nazarin fasaha, shi ne ke riƙe da masana'antar jirage, shi ne ke riƙe da maƙerar jiragen ruwa ta PAL a Surabaya, shi ne ke riƙe da maƙerar makamai ta Pindad, shi ne ke kula da raya tsibirin Batam, kuma a 1989 aka haɗa manyan masana'antu 10 na gwamnati a ƙarƙashin hukuma guda aka ɗora shi a kai. Duk wannan iko bai fito daga majalisa ko daga wata doka mai ƙarfi ba, ya fito ne daga kusancinsa da mutum ɗaya, wanda in ya amince an gama magana. Masana tattalin arziki da suka riƙe baitulmalin ƙasar tun ƙarshen shekarun 1960, irin su Widjojo Nitisastro da Ali Wardhana, waɗanda suka yi karatu a jami'ar Berkeley ta Amurka, sun yi ta ja da shi a kan cewa ƙasa mai ɗimbin talakawa ba ta isa ta zuba dukiyarta a rijiyar da ba a ga gindinta ba, amma sau da yawa in suka rufe masa ƙofa sai a buɗe masa taga. A 1994 aka ɗebi rupiya biliyan 400 daga asusun sake dasa dazuzzuka aka ba masana'antar jirage, kuɗin da aka tara da sunan itatuwa, ba tare da ya bi ta kasafin da jama'a ke gani ba. A 1996 kuma aka yi musayar jiragen CN-235 da shinkafar Tailan, abin da ya nuna wahalar samun mai saye da tsabar kuɗi.

Abin da ya fi damuna a cikin tarihin nan shi ne cinikin jiragen ruwan yaƙi 39 na tsohuwar Jamus ta Gabas. Habibie ne ya jagoranci sayen, manyan hafsoshin soja ba su ji daɗin yadda farar hula ya zaɓa musu makami ba, ministan kuɗi Mar'ie Muhammad, mutumin da aka shaida da tsantseni, ya zabge kuɗin gyaran da aka nema ƙwarai da gaske, kuma da mujallar Tempo ta buga labarin wannan saɓani sai gwamnati ta soke lasisinta a watan Yuni 1994, tare da wasu jaridu biyu. Ka duba, ya mai karatu, yadda abu uku suka haɗu a magana guda, ga fasaha ga kuɗi ga tsaro, da yadda kalmar tsaro ta zama mayafin da aka lulluɓe hisabi da shi. Wannan ita ce fitinar da ke tattare da irin wannan muƙami a kowace ƙasa, domin wanda ya san abin da sauran ministoci ba su sani ba, ya kuma iya cewa asirin ƙasa ne in an matsa masa da tambaya, ya kuɓuta daga mizanin da ake auna kowa da shi, ko da kuwa shi kansa mutumin kirki ne mai kyakkyawar niyya, kamar yadda na yi imani Habibie yake.

Da guguwar tattalin arziki ta 1997 ta taso, rupiya da take wajen 2,400 a kan dala ta yi ta faɗuwa har ta haura 16,000 a tsakiyar 1998, sai Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya sa cikin sharuɗɗan rancensa na Janairun 1998 cewa a yanke wa masana'antar jirage duk wani tallafi. Nan aikin N-250 ya tsaya, saura gwaje-gwajen neman izini. Ma'aikata kimanin 16,000 suka yi ta raguwa har suka koma 'yan dubbai kaɗan, injiniyoyin da talakan Indonesiya ya biya kuɗin karatunsu suka watse zuwa Boeing da Airbus da Embraer. Masoyansa suna cewa Turawa ne suka kashe jirgin don kada ya yi takara da nasu, kuma ba na kore cewa akwai masu farin ciki da mutuwarsa a can. Sai dai aikin da ya shekara 20 yana shan nonon gwamnati bai iya tsayuwa da ƙafarsa ko na shekara ɗaya ba, lalle akwai tambayar da ya kamata a yi wa masu shi tun kafin baƙo ya zo ya yi ta.

Kusa da su, a Singafo, akwai wani mutum da ya bi wata hanya dabam, Goh Keng Swee, masanin tattalin arziki. Ya riƙe ma'aikatar kuɗi daga 1959, ya kafa hukumar raya tattalin arziki a 1961 da unguwar masana'antu ta Jurong a kan fadama, ya koma tsaro a 1965 lokacin da ƙasar ta wayi gari da 'yanci ba ta da rundunar kirki, ya kawo dokar aikin soja na tilas a 1967, ya sake komawa kuɗi, ya sake komawa tsaro daga 1970 zuwa 1979, sa'an nan ilmi. Da ya kafa maƙerar harsasai, sai ya haɗa ta da gidan buga sulallan ƙasa, domin duka biyun aikin ƙarfe ne da bugawa, kuma domin maƙerar ta sami abin shiga a lokacin da babu yaƙi. Mutumin da ya taɓa zama a kujerar mai hana kuɗi, in ya koma kujerar mai neman kuɗi, yakan zo da lissafinsa a hannu. Haka Li Kwoh-ting na Taiwan, wanda ya karanta kimiyya a Cambridge, sai da ya riƙe tattalin arziki da kuɗi fiye da shekara 10 kafin ya tsaya wa Morris Chang aka kafa kamfanin TSMC a 1987, kuma ko a nan gwamnati ba ta zuba ko rabin jarin ba, aka nemo kamfanin Philips da attajiran gida suka sa nasu, don a sami waɗanda za su yi asara in abu ya lalace, su kuma yi magana tun da wuri. Habibie bai taɓa riƙe baitulmali ba a duk shekarunsa na minista.

Amma ba zan yi masa adalci ba in na tsaya a nan, domin mafificin aikinsa ya zo ne a lokacin da ba wanda ya zaci alheri daga gare shi. Suharto ya sauka ranar 21 ga Mayu 1998, ya bar wa mataimakinsa Habibie ƙasa tana ci da wuta, kasuwa na ɗaukarsa almubazzari, ɗalibai na ɗaukarsa ɗan gidan tsohon mai gida. Cikin wata 17 ya saki fursunonin siyasa, ya sakar wa jaridu mara har Tempo ta dawo kasuwa, ya sa hannu a dokar da ta ba Babban Bankin ƙasa 'yancin kansa ta kuma hana shi ba gwamnati rance, ya kawo dokar hana babakere a kasuwa, ya shirya zaɓen Yuni 1999 da jam'iyyu 48, rupiya kuma ta farfaɗo zuwa wajen 7,000. Bai yi amfani da kujerar shugaba ya ceto jirginsa ba, ko da yake nan ne zuciyarsa take. Da majalisa ta ƙi karɓar bayanin mulkinsa a watan Oktoba, bayan ƙuri'ar da ta raba Timor ta Gabas da ƙasar da jinin da ya biyo baya, sai ya janye daga takara ya miƙa mulki. Watau shi da kansa ya gina shingayen da da sun kasance tun farko da sun taka masa burki yana minista, kuma wannan ya sa nake girmama shi fiye da yadda nake girmama shi don jirgin. Allah ya yi masa rasuwa a watan Satumba 2019, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya bari bai mutu duka ba. Masana'antar Bandung, da sabon sunanta Dirgantara Indonesia, tana nan tana sayar da CN-235, har Senegal ta saya, Pindad kuma tana ƙera bindigogi da motocin sulke da sojan ƙasar ke aiki da su. In ka tuna cewa maƙerar makamai ta DICON a Kaduna an kafa ta tun 1964, Ajaokuta kuma an aza harsashinta tun zamanin Shagari ba ta kai ga narka ƙarfe yadda aka tsara ba, za ka ga cewa kuskuren Habibie ya bar wa ƙasarsa abin da taka-tsantsan ɗinmu bai bar mana ba. Mu namu ciwon shi ne sauya minista kafin ya gama sanin ma'aikatarsa, da raba masanin fasaha da masanin kuɗi da hafsan soja kowa a ɗakinsa.

Yanzu da ake ta maganar jirage marasa matuƙi da rumbun bayanan 'yan ƙasa da dokar DICON ta 2023, kirana ga Shugaban Ƙasa da 'yan majalisa shi ne su nemo masana irin Habibie, su bar su su daɗe a kan aiki, amma su bi da su ta ma'aikatar kuɗi tukuna, kuma kada a saki ko kwabo da sunan tsaro sai Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya yana da ikon buɗe littafin ya karanta.