Malaman Sana'a, Ku Riƙi Juna

A cikin shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sake tsarin karatun makarantu, ta taƙaita darussan sana'a zuwa guda shida, watau haɗa wutar sola, da ɗinki, da kiwo, da kwalliya, da gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu. Tsarin ya yi kyau a takarda. Amma akwai tambayar da ya kamata kowane mai riƙe da al'amarin ilmi ya yi wa kansa: an ce malami ya koya wa yaro, shi kuma malamin wa zai koya masa?

Mu ɗauki Daddara, wadda ke kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, gab da iyakar Nijar. Abincin samari da yawa a wannan yanki yana rataye ne da zirga-zirgar iyaka. Da aka rufe iyakar Jibiya a Agusta 2019, ba a buɗe ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufewa a Agusta 2023 har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da haka ta faru, wanda ba shi da sana'a a hannu sai ya zauna zugum, ko kuwa ya bi hanyar fasa-ƙwauri, in ma bai faɗa abin da ya fi wannan muni ba. Ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a Fabrairu 2021, aka shata ta bi ta Jibiya. Tasha ba ta rasa bukatar mai walda da mai gyaran wuta. In 'ya'yan ƙasar ba su iya ba, tilas a ɗauko na wani wuri, su kuwa su yi dako.

Mun taɓa ganin irin wannan. Sa'ad da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu. Da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu, wasu don rashin lantarki, wasu don babu malamin da aka nuna wa yadda ake sarrafa su. Kos na mako guda a birni yana da amfani, amma ba ya isa. Malami ya dawo da takardar shaida, ya shiga aji shi kaɗai, ba mai ganin inda ya karkace.

Shawararmu abu biyu ce. Na fari, a haɗa malaman sana'a biyu biyu, tsohon hannu da sabon shiga, ko na wannan makaranta da na maƙwabciyarta. Kowa ya riƙa zama a bayan ajin ɗan'uwansa yana kallo, in an tashi su tattauna a keɓe. Tsoho ya san riƙon yara, sabo kuwa sau da yawa ya fi shi sanin sola da waya, ashe ke nan kowa yana da abin bayarwa.

Na biyu, malami ya zama mai binciken aikinsa da kansa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A ce malamar ɗinki tana da yara arba'in da keke biyu, ta lura rabinsu ba su iya miƙe ɗinki ba. Abokiyar aikinta ta zauna da agogo tana ƙirga mintin da kowace yarinya ta yi a kan keke, sai a tarar masu baki su suka mallake shi. To, sai a kasa ajin uku: waɗansu na awo, waɗansu na koyon yanka a takardar siminti, waɗansu na kan keke, ana juyawa. Bayan mako huɗu a sake ƙirgawa. In an sami ci gaba a riƙe, in ba a samu ba a gwada wata dabara, a kuma rubuta duka a littafi don na baya ya amfana. Wannan bai bukaci kuɗi ba sai fensir da gaskiya.

Kada wani ya ce baƙon abu ne. Wani masani, Kurt Lewin, ya bayyana irin wannan bincike a Amurka a 1946. Malaman Japan sun fi shekara ɗari suna kallon darasin juna, da taimakonsu ne kuma aka soma shirin SMASE a jihohin Kaduna da Neja da Filato a 2006, don malaman lissafi da kimiyya. A gida ma, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda masu sana'ar gari suka koyar. Saboda haka ba faɗuwa ba ce malami ya je kasuwar Jibiya ya zauna gaban mai gyaran waya ya yi tambaya.

Abin da zai kashe wannan aiki shi ne tsoro. Muddin malami ya zaci abin da ɗan'uwansa ya gani zai shiga fayil ɗinsa ya hana shi ƙarin girma, ba zai buɗe ƙofar ajinsa ba. Don haka muna kira ga hedimastoci da ma'aikatan ofishin ilmi su raba wannan da aikin sufeto. Su ware masa sa'a guda cikin jadawalin mako. Akawu kuma kada ya danne takardar kuɗin motar malamin da ya ziyarci wata makaranta. Inda hanya ba ta da aminci, waya ta isa a nuna wa juna aiki.

Ku kuma malamai, ku ajiye girman kai. Wanda ya ɓoye jahilcinsa, yara arba'in ne za su biya. Kada ku jira takarda daga Katsina, kowa ya nemi abokinsa tun wannan zango. Allah ya yi mana jagora.