Kwana uku a Gdansk da ɗan guziri

Hausawan da karatu ko neman abinci ya kai Turai sukan ɗauka cewa yawon buɗe ido sai mai hali, in kuma halin ya samu sai Faris ko Landan. A ganina, kwana uku a Gdansk, tsohon birnin tashar jiragen ruwa na Poland da ke bakin Tekun Baltik, sun fi wa mai ƙaramin guziri amfani, matuƙar ya san inda zai kai ƙafarsa. Yawancin abin da ya sa garin ya yi suna a fili yake, mai tafiya a ƙasa zai isa gare shi ba tare da an tambaye shi ko sisi ba.

Batun kuɗi mai sauƙi ne. Jiragen Ryanair da Wizz Air suna sauka garin daga birane da dama na Turai. Poland har yau da kuɗinta na zuloti take ciniki, kuma abinci da makwanci sun fi na Jamus ko Faransa araha. Akwai gidajen abincin talaka da suka rage tun zamanin kwaminisanci, suna ce musu bar mleczny, inda miya da dankali da ƙosasshen faranti ba sa huda aljihu. Tsohon gari kuwa a yini ɗaya ake zaga shi: dandalin Dlugi Targ, majami'ar Maryama wadda tana cikin mafiya girma da aka gina da jan bulo a duniya, da injin ɗaga kaya na katako na ƙarni na 15 a bakin kogin Motlawa, wanda ƙarti ke juya shi da ƙafa lokacin da hatsin Poland ke fita ta nan zuwa yammacin Turai.

Sai dai wanda ya tsaya nan ya yi ta ɗaukar hoto ya koma, ya bar nama ya kama romo. A Westerplatte, bakin mashigar tashar, jirgin yaƙin Jamus mai suna Schleswig-Holstein ya buɗe wuta da asubahin 1 ga Satumba 1939, harbin da ake lissafa shi farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Poland kimanin 200 suka riƙe wurin kwana bakwai. Motar haya ta gari tana kai mutum can. Sannan ga masana'antar ƙera jiragen ruwa, tafiyar ƙafa daga tsakiyar gari. A nan ne a watan Agusta 1980 aka kori Anna Walentynowicz, mai tuƙa injin ɗaga kaya, saura watanni ta yi ritaya. Ma'aikata suka shiga yajin aiki, wani mai gyaran lantarki, Lech Walesa, ya shige gaba, suka rubuta buƙatu 21 a jikin allunan katako suka rataye a ƙofa. Ranar 31 ga watan gwamnati ta sa hannu a kan yarjejeniya da su, aka haifi ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc wadda mambobinta suka kai kusan miliyan 10, kuma a 1989 ita ta kayar da jam'iyyar kwaminisanci a akwatin zaɓe. Ƙofar tana nan, ga kuma dogayen ginshiƙai uku na tunawa da ma'aikatan da aka harbe a Disamba 1970. Duk wanda ya taɓa jiran albashi bai zo ba, ko ya ga yajin aiki ya watse hannu rabbana, yana da abin tsayawa ya yi tunani a wannan ƙofa.

Za a ce ai tsohon garin ma ba tsoho ba ne. Gaskiya ne, a 1945 yaƙi ya rushe kusan kashi 90 cikin ɗari na tsakiyarsa, kuma gidajen da ake gani yau an sake tayar da su ne bisa tsofaffin zane-zane da hotuna. Ni wannan ƙara masa daraja ya yi a idona: mutanen da suka fito daga yaƙi babu komai a hannunsu suka ga ya dace su mayar wa gari kamanninsa. Za a kuma ce kwana uku ba sa isa a san gari. Ba sa isa, amma suna isa a shiga Gidan Tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da aka buɗe a 2017 da Cibiyar Solidarnosc ta 2014, a ba kowanne rabin yini.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne wannan arahar ba ta kowa ba ce. Mai tasowa daga Kano ko Damagaram sai ya biya bizar Shengen da tikitin jirgi mai tsada, don haka maganata da wanda ya riga ya samu takardar zama a yankin take. Shi ma ya kula da lokaci: daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta ake cin kasuwar Dominik, wadda ta faro tun 1260, gari ya cika, masauki ya yi tsada. Mayu ko Satumba sun fi. Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin naman alade ya yi yawa a girkinsu, amma kifi ba ya yankewa. Idan Juma'a ta riske shi, akwai masallaci a yankin Oliwa wanda Tatar, Musulmin Poland na tun ƙarnoni, suka gina, kuma jirgin ƙasa na cikin gari yana bi ta unguwar a hanyarsa ta zuwa garin Sopot.