Darar kwamfuta: wasa huɗu ba su isa a naɗa zakara ba

A watan Agustan 2025, dandalin Kaggle na kamfanin Google ya haɗa manhajojin ƙirƙirarriyar basira takwas a gasar darar Turawa, wadda ake kira échecs da Faransanci. A karawar ƙarshe, o3 ta kamfanin OpenAI ta lallasa Grok 4 ta Elon Musk da ci 4 da nema. Labarin ya shafi matasan New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Douala, domin da kuɗin aljihunsu suke sayen data, wasu har da biyan kuɗin wata, don amfani da irin waɗannan manhajoji. Shin wasa huɗu sun isa hujjar cewa wannan ta fi waccan?

Masu gwajin manhajojin dara sun daɗe da sanin amsar. A Disambar 2017, kamfanin DeepMind ya sanar cewa AlphaZero ta kara da Stockfish sau 100, ta ci 28, aka yi canjaras 72, ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Nan take masana suka yi ƙorafi: an ɗaure Stockfish da minti ɗaya a kowane motsi, an ba ta ƙaramar ma'ajiya, an kuma hana ta kundin buɗe wasa. Da aka fitar da sabon gwaji a 2018, da wasanni 1,000 da isasshen lokaci, AlphaZero ta ci 155, aka ci ta 6. Nasarar ta tabbata, kuma a wannan karon ta fi gamsar da masu shakka.

Ƙa'idojin gwajin adalci a bayyane suke. A ba manhajojin injuna masu ƙarfi daidai da lokaci daidai. A gasar TCEC, wadda aka fara a 2010, kowace buɗewa ana buga ta sau biyu, a yi musayar fari da baƙi, saboda mai fari ne ke fara motsi. Masu gina Stockfish kuwa ba sa karɓar gyara sai an gwada shi a dubban wasanni. Asalin manhaja ma abin bincike ne: a 2011 ƙungiyar ICGA ta ƙwace kambunan Rybka bayan ta yanke hukuncin cewa an kwafo sassanta daga Fruit da Crafty.

Lambar Elo ita ma tana yaudarar wanda bai san ta ba. Ratar maki 200 na nufin mai ƙarfin zai kwashi kusan kashi 76 cikin 100 na makin karawar. Amma lambar tana auna ɗan wasa ne da waɗanda ya kara da su kawai. Don haka 3,500 da aka ba manhaja a jerin injuna ba a jera ta kai tsaye da 2,882 da Magnus Carlsen ya kai a 2014.

Mai sayen yadi a kasuwar Congo ba ya yarda a auna masa da ma'aunin da bai gani ba. Kafin mutum ya saki kuɗinsa saboda tallar nasara, ya kamata ya san wanda ya shirya gwajin, wasanni nawa aka buga, da ko wani daban zai iya maimaita shi ya sami sakamako iri ɗaya.