Idan Za Ka Shiga Benin Ta Bagudo, Ka Sayi Layi Da Sunanka

Yau maganata da mutanen Bagudo ce, da na Illo, Lolo, Tsamiya da Ka'oje, da duk wanda fatauci ko zumunci ke kai shi Jamhuriyar Benin ta wannan yanki. Ra'ayina a taƙaice shi ne: in dai za ka kwana a can, ko kana yawan zuwa, ka mallaki layin Benin, kuma ka yi masa rijista da sunanka. Wanda aka riga aka yi wa rijista da sunan wani, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Me ya sa layinka na Najeriya bai wadatar ba?

Da yawa suna cewa ai MTN ne a nan, MTN ne a can, to mene ne na wahala? Suna ɗaya ne, amma MTN ta Najeriya daban, MTN ta Benin daban, kowacce da lasisinta da farashinta. Da zarar ka wuce Tsamiya ka nufi Segbana wayarka ta kama sabis ɗin can, ka shiga abin da ake kira romin, wato layinka ya zama baƙo a kan turken wani kamfani. Datar da ka saya a gida ba ta aiki a wannan hali, kira yana da tsada, kuma yawanci ko kai aka kira ka ɗaga sai an cire maka kuɗi. Shi ya sa mutum zai sa kati da safe, kafin azahar a ce masa babu ko sisi.

Wani abin ma, ba sai ka ƙetara ba. A garuruwan bakin boda waya kan kama sabis ɗin Benin da kanta kana zaune a ƙofar gidanka. Idan ka ga sunan wani kamfani da ba ka saba gani ba a saman wayarka, ko harafin R kusa da sandunan sabis, to ka dakata da kira.

Me ya sa na dage sai da sunanka?

Na san abin da ke jan mutane. Layin bakin hanya ba jira, ba tambaya, ka ba da kuɗi ka sa a waya ka wuce. Amma ka tsaya ka yi tunani. A wurin kamfani, mai layi shi ne wanda sunansa ke kan rijista, ba wanda layin ke cikin wayarsa ba. A Benin ciniki da yawa ta waya ake biya, ta MoMo ko Moov Money. Ka sayar da albasa ko tumaki a Kandi ko Malanville, an turo maka sefa a layin da ba naka ba. Ran da wayar ta ɓace ko aka toshe layin, ka je ofis a ce kawo katin shaida, me za ka nuna? Mai sunan kuwa yana iya zuwa ya ce layinsa ya ɓace, a ba shi sabo, naka ya mutu nan take.

Sannan ga batun tsaro. Kowa ya san halin da ake ciki a dazukan Kebbi da arewacin Benin, kuma jami'an tsaro na bin diddigin lambobin waya. Ba ka san wa ya riƙe layin nan kafin kai ba, ba ka san da wa ya yi magana ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma bai kamata mutum ya saye shi da kuɗinsa ba. Mu a nan tun Disambar 2020 aka fara tilasta haɗa layi da NIN, mun ga yadda aka rufe wa mutane layuka. Benin ma ba a yarda da layi marar rijista.

To ya za ka yi?

1. Kafin ka bar gida, ka shiga saitin wayarka, sashen layuka, ka kashe wurin da aka rubuta Data roaming a layin Najeriya.

2. Ka tafi da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS. Ka je ofishin kamfani ko wurin wakilinsu na gaskiya, ka tsaya a yi rijistar a gabanka, ka duba an rubuta sunanka daidai.

3. Kamfanoni uku ne a Benin: MTN, Moov Africa da Celtiis, wanda ya fara aiki a 2022. Kada ka zaɓa don sanin suna. Ka tambayi mai masaukinka ko direbobin hanyar wanne ya fi kamawa a inda za ka zauna, don wanda ke gudu a Kwatano ba lallai ya yi gudu a ƙauyen Segbana ba.

4. Kada ka buɗe data a kan kati kai tsaye. Ka ce a sa maka “forfe”, haka suke kiran tsarin data da kira na kwana ko mako ko wata. Lambobinmu irin *312# ba su aiki a layin can, sai ka sa wakilin ya nuna maka nasu ka rubuta.

5. Idan ka buɗe asusun kuɗi a layin, kai da kanka za ka danna lambar sirri. Kada ka bari wani ya zaɓa maka.

6. Lambar ƙasar +229 ce. Tun 30 ga Nuwamba 2024 lambobin Benin suka tashi daga 8 zuwa 10, an ƙara 01 a farko. Duk tsohuwar lambar da ka ajiye, ka gyara ta: +229, sai 01, sai tsohuwar lambar.

Layinka na Najeriya kuma kada ka cire shi ka jefa a aljihu. Yawancin wayoyinmu masu layi biyu ne, ka bar shi a gurbi na biyu saboda alat da OTP na banki, ka mayar da data kan layin Benin. WhatsApp ɗinka ma ba abin da zai same shi. Idan ya tambaye ka ko za ka canza lamba, ka ce a'a, zai ci gaba da aiki da lambarka ta gida, iyali da abokan ciniki su same ka yadda suka saba.

Wani zai ce shi fa kasuwa kawai yake shiga da safe ya dawo da yamma. Wannan gaskiya ne, irinsa ba dole ne ya sayi layi ba, ya kashe romin ya yi abin da ya kai shi ya dawo. Amma mai kwana, ko mai karɓar kuɗin kaya ta waya, rabin awar da zai ɓata wurin rijista ta fi masa sauƙi a kan ranar da zai tsaya yana rantsuwa cewa kuɗin da ke cikin layin nasa ne.

Ka tura wa ɗan uwanka da ke bin wannan hanya. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.