An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

'Yan uwa, akwai ɗabi'ar da ya kamata mu yi wa taron dangi a wannan makon. Mutum ya buɗe Wireshark, ya ga an ce lambar tantancewar fakitinsa ba daidai ba ce, sai ya hau zagin kanel ɗin Linux. Wani ma ya nemi hanyar da na'urarsa za ta daina tantancewar kwata-kwata, ya ce ya yi gyara. Mu dai ɓarna muke kiran wannan.

Kowane fakitin TCP yana ɗauke da lamba mai bit 16, wato jimillar abin da ke cikinsa. Mai karɓa zai sake lissafi, in bai yi daidai ba ya watsar, a sake turo masa. To, yawancin katunan sadarwa na yanzu su ke yin wannan lissafin, don a rage wa kwamfuta aiki. Shi kuwa Wireshark yana kama fakiti mai fita tun bai isa katin ba, kafin a cike gurbin lambar. Ina laifin kanel a nan?

Gwajin ba wuya. A kama fakitin a kwamfutar da ke karɓa, ko a dakatar da lissafin katin na ɗan lokaci da ethtool. In ƙorafin ya ɓace, dama lafiya lau ake. In kuwa nstat ya nuna TcpInCsumErrors na hauhawa, to kayan da ke shigowa ne ke lalacewa, sai a bi katin da direbansa da na'urorin kan hanya ɗaya bayan ɗaya.

Masu kashewa sukan ce ai Ethernet na da nata tantancewar. Gaskiya ne, amma ita tsakanin na'ura da na'ura take gadi. In rauta ta ɓata fakiti a cikinta, sabon hatimi za ta buga masa ya wuce. A 2000, Jonathan Stone da Craig Partridge sun auna, suka samu fakiti 1 cikin 1,100 zuwa 1 cikin 32,000 yana faɗuwa a tantancewar TCP duk da wancan gadin.

Ba mu ce kanel ba ya kuskure ba. A ƙarshen 2015 injiniyoyin Twitter sun gano direban veth na Linux yana wuce da fakiti ba tare da an duba lambarsa ba, gurɓataccen saƙo na isa manhajoji kamar lafiyayye. Ku lura, laifin da aka kama shi da shi rashin dubawa ne, abin da 'yan uwanmu ke yi da hannunsu.

Don haka a auna kafin a zarga. Wanda kuma ke ganin kashewa ce mafita, ga fili, ya zo mana da hujja.